Ƙarfen Zubi Ba Ya Son Gaggawa

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ba ku labarin abin da ya sami ƙaramar taraktarmu bara, da kuskuren da muka yi, da yadda aka gyara ta daga baya. Mun ga ya kamata mu faɗa muku, gama irin wannan tarakta mai ƙafa biyu, wadda mutum yake riƙewa yana binta a baya, ta shiga fadamu da lambuna da yawa. Abin da ya same mu yana iya samun kowa.

Taraktar ta ƙungiya ce. Gidaje da dama suka haɗa kuɗi aka saya, ana kuwa bin layi, yau gonar wannan, gobe ta wancan. A tsakiyar Nuwamba muna kaftun fadama domin shuka alkama. Kun sani alkama tana son sanyi. A ƙasarmu lokacin shukarta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya makara, zafin Maris zai tarar da ita tana cika ido, sai ƙwayar ta shanye. Saboda haka kowace rana tana da daraja.

ABIN DA YA FARU

Ran nan da hantsi taraktar ta yi karo da wani kututture da yake binne a ƙasa. Ta yi tsalle, ta mutu. Yaron da yake riƙe da ita ya sāke tayar da ita, ya ci gaba da aiki. Da azahar sai muka ga mai yana ɗiga a ƙarƙashinta. Da muka share laka, sai ga tsaga a jikin giyabos, watau akwatin ƙarfen nan da haƙoran giya suke ciki. Tsagar ta tashi daga ramin wani noti, ta gangara wajen inci 3.

Hankalinmu ya tashi, domin gonaki da yawa suna jira. Muka ɗora ta a amalanke zuwa wurin wani mai walda da yake yi mana ƙofofi da tagogi. Mutumin kirki ne, ya kuma iya aikinsa. Amma mu muka matsa masa. Muka ce kada a kwance kome, a yi a tsaye. Ya zubar da man, ya ɗauki sandar da yake waldar ƙofa da ita, ya bi tsagar daga sama har ƙasa a ja ɗaya. Ɗayanmu ya kawo ruwa ya kwara a kai don mu yi saurin tafiya. Ba mu bar wurin ba sai muka ji ƙas! Da muka duba, ga sabuwar tsaga a gefen waldar, ta fi ta fari tsawo. Sauri ya haifi nawa.

Kashegari aka kwatanta mana wani tsohon makanike a cikin gari. Ya duba aikin, ya goga magagari a gefen waldar, magagarin ya zame kamar a kan kwalba. Ya ce, "Samari, wa ya gaya muku ana kwara wa tukunya mai zafi ruwan sanyi?" Muka ce, "Baba, gaggawa ce." Ya ce in muna so ya taɓa ta, sai mu ba shi kwana uku, mu kuma tsaya mu taya shi aiki. Abin da muka koya a wurinsa, da abin da muka ƙara bincikawa daga baya, shi ne za mu bayyana a nan.

ME YA SA WANNAN ƘARFE YA BAMBANTA?

Ƙarfen da ake yin ƙofa da garma da shi, dukansa ake yi ko a murza shi a masana'anta. Yana lanƙwasawa kafin ya karye. Akwatin giyabos kuwa narka ƙarfen aka yi aka zuba a cikin zubi, kamar yadda masu yin tukwanen alminiyam suke yi. Shi ya sa ake ce da shi ƙarfen zubi. Makanikai suna kiransa kas.

Bambancinsu yana cikin sinadarin gawayi da ake kira kabon. A ƙarfen ƙofa kabon bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba. A ƙarfen zubi yana kai kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Yawancinsa yana kwance a cikin ƙarfen kamar ƙananan ɓawo baƙaƙe, irin abin da yake cikin bakin fensir. Waɗannan ɓawo su ne suke sa ƙarfen ya jure girgiza, amma ba ya miƙewa. In aka ja shi ko aka buge shi da ƙarfi, sai ya dare. Ku ɗauka ƙarfen ƙofa kwanon tasa ne, in ya faɗi sai ya lotsa. Ƙarfen zubi tukunyar ƙasa ce.

To, sa'ad da aka sa wutar walda a wuri ɗaya, wurin yakan kumbura, sauran akwatin kuwa yana da sanyi. Da ya fara hucewa sai ya tsuke, ya ja gefensa. Tun da ƙarfen ba ya miƙewa, sai ya tsage. Ban da haka, in wurin da ya narke ya huce da sauri, kabon ɗin yakan haɗu da ƙarfen ya zama wani abu fari mai tauri ƙwarai, mai saurin fashewa. Sandar waldar ƙofa ita ma takan sha kabon ta taurare. Abin da ya sa magagarin Baba ya zame ke nan.

A TABBATA KO WANE ƘARFE NE

Ba kowane giyabos ne na ƙarfen zubi ba. Waɗansu ƙananan injuna da alminiyam aka yi nasu, gyaransa kuwa dabam ne. Ga gwaji uku masu sauƙi.

1. A sa maganaɗisu. In bai kama ba, alminiyam ne.
2. A huda ɗan rami a wurin da ba zai yi lahani ba. Ƙarfen zubi yakan fid da gari baƙi mai ɓata yatsa. Ƙarfen ƙofa yakan fid da zare mai nannaɗewa.
3. A taɓa shi da dutsen injin wasa ƙarfe. Tartsatsin ƙarfen zubi gajere ne, ja mai duhu. Na ƙarfen ƙofa dogo ne, mai haske.

SHIRI YA FI RABIN AIKI

Kwana ɗaya cur muka yi ba a kunna wuta ba.

Da fari aka kwance giyabos ɗin daga jikin taraktar, aka fid da kome daga ciki: haƙoran giya, da sanduna, da boris, da robobin da suke tare mai. Wuta tana lalata boris da roba. Muka shimfiɗa buhu mai tsabta, muka jera kayan bi da bi yadda suka fito, don kada mu rikice wajen mayarwa. Mai waya a hannu yana iya ɗaukar hoto kafin ya cire kowane abu.

Na biyu, wanki. Aka wanke akwatin da kananzir, sa'an nan da ruwan zafi da sabulu, aka shanya. Ba a wanki da fetur a inda za a kunna wuta. Ƙarfen zubi yana shan mai kamar yadda sabuwar tukunya take shan ruwa. Saboda haka Baba ya bi gefen tsagar da wuta a hankali, man da ya shige ciki ya yi ta fitowa yana hayaƙi har ya ƙare. In ba a yi haka ba, man zai tafasa a ƙarƙashin walda ya bar ƙananan ramuka.

Na uku, neman ƙarshen tsaga. Ido ba ya ganin inda tsaga ta tsaya. Aka shafa kananzir a wurin, aka bar shi ya shige, aka goge sarai. Sa'an nan aka dama alli da ɗan ruwa aka shafa. Da allin ya bushe, kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar ya fito ya zana layi a kan farin. Wannan tsohuwar dabara ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa. Ta nuna mana tsagar ta zarce inda muke tsammani da kusan inci 1.

Na huɗu, huda. A kowane ƙarshen tsagar, ɗan gaba kaɗan, aka huda rami mai faɗin milimita 3 zuwa 5, har ya fita ɗaya gefen. Ramin nan shi yake tsai da tsaga, ya hana ta ci gaba sa'ad da zafi ya zo.

Na biyar, aka gurje tsohuwar waldar nan duka da dutsen inji, har aka kai ga ƙarfe mai laushi. Aka buɗe tsagar ta zama kwari mai siffar V, aka bar ɗan kauri a ƙasa don kada ta ɓule. Daga baya Baba ya bi kwarin da magagari. Ya ce dutsen inji yana shafe baƙin fensir ɗin nan a kan ƙarfe, tagulla kuwa ba ta kama wurin da aka shafe.

HANYOYI HUƊU NA GYARA

Hanya ta fari ita ce liƙi da tagulla, da wutar gas. Ita aka yi mana. Amfaninta shi ne ba a narka ƙarfen zubin. Sandar tagulla tana narkewa a wajen digiri 900 na ma'aunin santigiret, ƙarfen zubi kuwa sai wajen digiri 1,200. Saboda haka tagullar takan bi kwarin ta kama gefe da gefe, ƙarfen bai narke ba, balle ya taurare. Liƙin da aka yi da kyau yana da ƙarfi kusan kamar ƙarfen kansa, zafin giyabos kuma ba ya isa ya raunana shi.

Ga yadda aka yi. Aka jera bulo aka yi murhu a cikin rumfa, inda iskar hunturu ba ta shiga. Aka hura gawayi, aka ɗora akwatin, ana juya shi don zafi ya game ko'ina. An yi fiye da awa ɗaya ana wannan. Baba yana gwadawa da busasshen kara. Da karan ya fara barin baƙin tabo yana hayaƙi, watau zafi ya kai wajen digiri 300, sai ya kunna gas. Ya gasa kwarin har ya yi ja mai duhu, irin jan da ake gani a inuwa. Ya ɗumama bakin sandar, ya tsoma a garin boras, wanda yake wanke ƙarfe don tagulla ta kama. Ya fara shafa tagulla siririya a bangon kwarin. In ta dunƙule kamar ruwa a kan ganyen gwaza, zafi bai isa ba. In ta yi ta tafasa tana farin hayaƙi, zafi ya yi yawa. In ta bazu kamar mai a kasko, daidai ke nan. Bayan shafen fari, sai ya cika kwarin kaɗan kaɗan, har da ramukan nan biyu.

Da ya gama, ba a bar iska ta taɓa akwatin ba. Aka tura shi cikin rabin ganga, aka binne shi da busasshiyar toka mai ɗumi, aka rufe. Busasshen yashi ma yana yi. Sai da ya kwana ya yini, hannu yana iya taɓa shi, sa'an nan aka tone.

Hanya ta biyu ita ce waldar lantarki da sandar nikel. Sandar tana da tsada, ta ninka ta ƙofa sau da yawa, amma nikel ba ya taurarewa da kabon. Iri biyu ne. Wadda aka rubuta ENi-CI a jikinta kusan nikel ce zalla, tana da laushi, ana iya huda ta a goge da magagari. Wadda aka rubuta ENiFe-CI wajen kashi 55 cikin 100 ne nikel, ta fi ƙarfi, ta fi dacewa da wuri mai kauri. A nan ana amfani da siririyar sanda da wuta kaɗan. A yi walda inci 1 kawai, a tsaya. Nan da nan a bubbuga wurin a hankali da ƙaramar guduma mai zagayayyen kai, domin waldar ta miƙe kada ta ja gefenta. A kankare ɓawon. A jira har tafin hannu ya iya zama a kusa da wurin, sa'an nan a yi wani inci 1 a wani sashe na tsagar. Haka za a yi ta yi har a haɗe. Wanda ya fara da akwati mai sanyi, sai ya bar shi da sanyi har ƙarshe. Wanda ya gasa shi, sai ya riƙe zafin har ƙarshe, ya kuma binne shi a toka. Ba a gauraya hanyoyin nan biyu.

Hanya ta uku ba ta bukatar wuta. In tsagar tana wuri mai shimfiɗa, ana iya yanka faranti na ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6 wanda zai rufe ta da rara. A huda ƙarshen tsagar kamar yadda muka faɗa. A huda ramuka kewaye, a yi musu tiredi, a sa fakin da gam mai jure mai a tsakani, a ɗaure farantin da notuna. A lura kada notunan su yi tsawo su taɓa haƙoran giya a ciki. Akwai kuma ɗinkin ƙarfe, inda ake jera ƙananan kusoshi masu tiredi a kan tsagar, kowace tana cin gefen 'yar'uwarta, a gitta maƙullai a kai. Da wannan ake gyara manyan injuna, amma sai gwani mai kayan aikin.

Hanya ta huɗu ita ce gam mai haɗi biyu, irin wanda ake gaurayawa ya daskare. Yana tsai da yoyon mai in an wanke wurin sarai an kankare shi. Amma ba ya ɗaukar nauyi. In tsagar tana kusa da noti, ko inda ƙafa take, gam zai kai ku ƙarshen mako ne kawai, tsagar kuwa tana ci gaba a ƙarƙashinsa.

INDA GYARA BA SHI DA AMFANI

In tsaga ta ratsa mazaunin boris, ku yi tunani sosai. Mazaunin nan tilas ya zama daidai. In ya goce ko kaɗan, sandunan giya ba za su yi layi ba, haƙora za su ci juna, cikin 'yan watanni a rasa akwati da kayan ciki gaba ɗaya. Irin wannan sai wurin da suke da injin gyara rami bayan walda. Haka kuma in akwatin ya farfashe gida-gida. Gara a nemi na hannu a kasuwannin tsofaffin kayan inji, irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ku tafi da tsohon don a gwada, ku kuma tafi da kananzir da alli, gama na hannu ma yana iya zuwa da tasa tsagar.

KIYAYE LAFIYA

Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya. Farin hayaƙin da take yi na tutiya ne, wanda ya shaƙe shi da yawa yakan kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. A yi aiki a rumfa mai buɗaɗɗen sama ko gefe, kada a sunkuya a kan hayaƙin. Gawayi ma ba a hura shi a ɗaki rufe. Mai walda ya sa gilashinsa, masu kallo su kau da ido, a kori yara. Tsohon man da aka zubar kada ya shiga rijiya ko fadama. A tara shi a galan.

BAYAN GYARA

Kafin a mai da kome, muka toshe ramukan akwatin, muka zuba kananzir har ya rufe wurin liƙin, muka shafa alli a waje. Ya kwana, allin yana nan fari. Aka ɗora ƙarfen awo a fuskar da take haɗuwa da murfi, aka ga ba ta karkace ba. Aka wanke cikin sarai don kada toka ko garin ƙarfe su rage. Aka mai da kaya da sabon fakin da sababbin robobi. Aka juya sandunan da hannu, aka shiga kowace giya, ba inda ya cije. Notuna kuwa aka ɗaure su kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, ba a ƙulle ɗaya tam a bar saura ba. Aka zuba irin man da littafin injin ya ce, har daidai alama. Ranar fari ba ta yi kaftu ba, yawo kawai ta yi a fili. Bayan mako ɗaya muka canja man, muka sāke bin notunan.

Ta gama aikin rani, ta yi na damina, liƙin yana nan. Amma kwana 9 muka rasa tsakanin waldar fari, da neman Baba, da jiran robobi daga birni. Gidajen da suke ƙarshen layi sai da suka yi hayar garmar shanu, waɗansu kuma suka shuka a makare, alkamarsu ba ta yi nauyi ba. Da mun bi hanya tun ranar fari, da kwana 3 ko 4 sun isa.

RIGAKAFI

Da Baba ya duba ramin da tsagar ta taso, ya nuna mana gefensa ya goge yana ƙyalli. Ashe notin ya daɗe da kwancewa, akwatin yana ta motsi, kututturen ƙarasawa kawai ya yi. Saboda haka yanzu muna bin waɗannan ka'idodi.

1. Kowace safiya a bi notunan giyabos da na ƙafafu da sufana kafin a tayar da inji.
2. A duba ƙasa inda taraktar ta kwana. Ɗigon mai saƙo ne.
3. Kafin a shiga sabuwar gona, a zaga da ƙafa, a tone kututture da duwatsu, ko a kafa musu alama.
4. In ta yi karo da wani abu, a kashe ta, a share laka, a duba.
5. Kada a sa jak a tsakiyar cikin akwatin, kada a buge shi da guduma don fid da wani abu.
6. Kada a lafta wa tirela kaya fiye da ƙarfinta, kada a fizge ta in ta kafe.

In kuwa tsaga ta riga ta zo, ku tsai da aiki nan take. Ku tambayi mai walda ko ya taɓa yin kas, da irin sandar da zai sa, da yadda zai bar shi ya huce. In ya ce minti goma ya isa, ku gode masa, ku ɗauki kayanku ku nemi wani. In ya ce ku dawo jibi, ku ba shi lokacinsa, kada ku matsa masa yadda muka matsa wa namu.

Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa mai waldar ƙauyensu, da yaron da yake riƙe muku tarakta. Wanda kuma ya taɓa gwada faranti da notuna a nasa injin, ya rubuto mana yadda ta kaya, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.